Rasit Mai Lamba 417

Na dire gwangwanin a kan teburinsa da ƙarfi, har biro ya gangara ya faɗi ƙasa.

"Ga allurarka nan, Baba Pindar. Firij ɗina ya cika."

Bai ko ɗago ba. Wata ɗaliba ce a gabansa ta zo hoton fasfo, yana rubuta mata rasit, kuma ko gobara ake yi sai ya kai ƙarshen layi. Ya ɗauko biron daga ƙasa, ya ƙarasa, ya zare kabon, ya yage farar takardar sama, ya buga mata hatimi, ya miƙa wa yarinyar. Sai da ta fita sannan ya sauke tabarau ya dubi gwangwanin. Har ya fara gumi, ruwa na bin gefensa.

"Ya Aisa, ai wata bai ƙare ba. Na biya ki har ƙarshen Maris. Kin dangwala hannu."

"Ka jiƙa takardar ka sha."

"To ina zan kai ta? Kin san zafi na kashe ta."

"Ka san abin da zai mayar da ita firij. Ka ba Yagana hoton ɗanta, yanzun nan in ɗauki gwangwanin in mayar da hannuna."

Ya share ruwan da ya ɗiga a tebur da gefen hannu, don kada ya kai ga littafinsa.

"In ta zo da rasit," in ji shi.

Na ja tsaki na fito. Kuma bari in faɗa muku gaskiya, tunda na ɗauko faɗa: daɗi na ji. Na koma shagona ina jin kaina kamar wadda ta yi aikin lada.

Sunana Aisa, ƙanƙara nake sayarwa da zoɓo a Moduganari. A shekarun nan da wuta ta zama baƙuwa a Maiduguri, ni kaɗai ce mai janaretan da ke kwana ya wuni yana aiki a layinmu. Bango ɗaya ne tsakanin shagona da gidan hoton Baba Pindar. Mutumin Biu ne, Kirista, ya fi shekara talatin a unguwar, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aikin jinya a Jos. Ciwon suga gare shi, irin na allura safe da yamma. Shekara shida kwalaben allurarsa suna zaune a ƙofar firij ɗina cikin wani tsohon gwangwanin madara. Ni ban ce ya biya ba. Shi ya dage, naira ɗari biyu duk wata, kuma shi da kansa zai rubuta rasit ya kawo mini in dangwala.

Kai, mutumin nan da rasit! Tun ana yi masa dariya har aka gaji. Littafi ne ya sa aka buga masa, kowane shafi biyu biyu, fari a sama, ruwan ɗorawa a ƙasa, kabon a tsakani. Zai rubuta lamba, da kwanan wata, da sunanka cikakke. Zai rubuta irin hoton, fasfo ne ko mai girman tafin hannu ko babba na firem, da kwafi nawa. Sai jimla, sai abin da ka bayar, sai saura, sai ranar karɓa. In ka ce a ƙara maka haske a fuska, ko a goge maka kurji, sai ya juya bayan tasa takardar ya rubuta, ya ce ka sa hannu. Lambar nan ita zai sa a jikin ambulan ɗin hotonka, ya jefa a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, makullin a wuyansa. Ranar sunan autata ya ɗauke mu kyauta, amma wallahi sai da ya rubuto rasit, wurin jimla ya sa "babu". Kullum maganarsa ɗaya ce: abin da ba a rubuta ba, gobe gardama ne.

Yagana kuwa ƙawata ce, gida uku tsakaninmu, gyaɗa take soyawa tana ƙullawa. Ta dawo layinmu ne bayan an ƙona musu gida a tsohuwar unguwarsu, ba su fita da komai ba sai kayan jikinsu, ita da ɗanta Ba'ana. Shi ɗaya gare ta. Shekararsa ashirin da huɗu, yana gyaran waya a wata rumfa kusa da Kasuwar Litinin. A babbar Sallar 2013 ya sa sabon kaftani ruwan sama da hular zanna da ta yi adashi ta saya masa, ya shiga wurin Baba Pindar aka ɗauke shi. Bayan kwana huɗu ya fita da safe bai dawo ba.

Ba wanda ya yi mamaki. A lokacin haka samari suke ɓacewa, wasu yaran daji su kwashe su, wasu a ɗauke su a mota ba wanda ya isa ya tambayi ina za a kai su, wasu kuma a tsinci takalminsu a inda bam ya tashi. Ni ma na binne ƙanena ba tare da an bari na ga fuskarsa ba. Yagana ta zaga duk inda ake zagawa har ƙafarta ta kumbura, sannan ta zauna. Maganar hoto ma ba ta tayar ba, ta ce ba za ta iya kallonsa ba.

Sai a farkon 2015 wasu 'yan ƙungiya suka zo suna rubuta sunayen waɗanda suka ɓata. Suka ce mata suna kaɗai ba ya isa, Ba'ana sun fi ɗari a takardunsu, ta kawo hoto. Duk hotunansa sun tafi a gobara. Guda ɗaya ya rage a duniya, kuma yana cikin akwatin ƙarfen da ke bayan bangona.

Ni na raka ta. Ta ɗaura mayafinta mai kyau, ta ƙulle kuɗi a bakinsa.

"Wushe, Baba," ta gaishe shi da Barbarci. "Hoton ɗana na zo karɓa. Ba'ana, mai gyaran waya."

Na ga fuskarsa ta sauya. Bai buɗe littafi ba ma.

"Ɗari huɗu da goma sha bakwai," ya ce. "Babba ɗaya. Dubu ɗaya da ɗari biyar, ya ba da ɗari takwas."

"Ga sauran, ɗari bakwai."

"Ina rasit ɗin, Ya Gana?"

"Yana wurinsa. Da shi ya tafi."

"To sai an kawo."

Na ɗauka wasa yake. Na ce, "Baba, yaron ya ɓata shekara ɗaya da rabi. Wannan uwarsa ce. Ka san ta, kana sayen gyaɗarta."

"Na san ta."

"To sake wanko mata wani."

"Kati ɗaya gare ni a kyamara. In na wanke hoto, gogewa nake yi."

Yagana ta kwance bakin mayafi gaba ɗaya ta zube abin da ke ciki, dubu biyu da 'yan canji. Ya tura mata abinta da yatsa biyu. Ta durƙusa a kan simintin nan, macen da ta isa ganin jika, ta kama ƙafar wandonsa.

"Ko gani ne ka bar ni in yi. Ba zan taɓa ba."

Ya dafe littafinsa a kan tebur.

"Ki yi haƙuri, Ya Gana. Sai da rasit."

Sau biyar ta koma. Bulama, mai unguwarmu, ya kira shi ya yi masa magana, ya ce da Bulama hoton ba nasa ba ne balle ya bayar. Da dai kuɗi ya ƙi bari, da mun ce kwaɗayi ne, mun haɗa masa. Amma ya ƙi kuɗin, ya kuma ƙi faɗin dalili. To me za mu ce? Muka ce wulaƙanci ne. Muka ce da ɗan cocinsu ne ya ɓata da tuni ya kai hoton har gida. Wannan maganar daga bakina ta fara fita, ba zan ɗora wa kowa ba.

Hashim ne ya fi kowa ɗaukar zafi. Hashim ba shi da wata sana'a da aka sani, amma tun da gari ya rikice ya samu gora ya naɗa kansa mai gadin layi, yana tsayar da baƙi yana tambayarsu gidan wa za su. Waya biyu gare shi, kullum yana kiran wasu da yake ce wa manya. Ya ce a bar shi ya fasa akwatin. Bulama ya ce ba a unguwarsa ba. Shi ne na ce su bar ni da shi, ni na san inda ransa yake ajiye.

Washegarin ranar da na mayar masa da gwangwani, na leƙa na ga ya sayo ƙaramar randa, ya zuba yashi ya jiƙa, ya binne kwalaben a ciki, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Na yi dariya har da riƙe ciki. Randa, ga Afrilun Maiduguri na tafe! Lokacin da ko ƙofar shago ba ka iya kamawa da azahar.

Akwai mai kemis a bakin titi, yana da ɗan firij. Na taka har can na ce masa in ya karɓi allurar Baba Pindar, matan layinmu sun daina sayen ko farasitamol a wurinsa. Ya ce shi ba ruwansa. Masu zuwa hoto kuma muka riƙa tare su tun daga bakin layi, mu ce kyamararsa ta lalace, su wuce Gomari. Cikin sati uku shagon ya mutu. Amma kullum ƙarfe takwas zai buɗe, ya share, ya kakkaɓe zanen bangon da ake tsayawa a gabansa, mai hoton teku da itatuwan kwakwa, ya ajiye littafi da kabon da hatimi a tebur, ya zauna.

Wata rana da hantsi ya zo tagar shagona yana jan ƙafa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, leɓensa duk ya tsage.

"Ya Aisa, ƙanƙarar hamsin."

A daidai lokacin ina loda wa wani mai keke manyan ƙulli goma sha biyu.

"Ta ƙare."

Ya dubi ƙullin da ke hannuna, ruwa na ɗiga a gwiwar hannuna. Ya dubi naira hamsin ɗinsa.

"To, Allah ya kawo kasuwa."

"Amin. Ka gaida rasit."

Matan da ke zaune a bencina suka kwashe da dariya, har da tafawa. Yagana ce kaɗai ba ta yi ba. Da ya tafi ta ce, "Aisa, kada fa mutumin nan ya mutu." Na ce mata masu taurin kai ba sa mutuwa da wuri, nan da Juma'a zai aiko da hoton. Na yarda da abin da na faɗa. A raina ban taɓa cewa kashe shi nake yi ba, cewa nake matsa masa nake yi.

Ina jin sa ta bango yana fita fitsari sau goma kafin azahar. Ya daina zuwa coci, don kuɗin keke ya gagara, kuma girman kai ya hana shi gaya wa 'yarsa. Ran nan na ji shi yana waya da ita, yana cewa, "Lafiya lau, Ketura. Aiki ne ya yi yawa." Aiki! Ƙuda ne kawai ke shiga shagon.

Ranar wata Talata a farkon Mayu ban ji sharar safe ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na kasa zama, na shiga. Yana zaune a kujerar da masu hoto ke zama, teku a bayansa, kansa jingine da kwakwar. Numfashinsa sama sama, ɗakin yana wani irin wari kamar ruɓaɓɓen mangwaro. Gaskiya gabana ya faɗi. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, ba ni makullin. Minti biyu in kawo maka ƙanƙara da ruwan sanyi, in sa a kira keke."

Ya buɗe ido da ƙyar. Hannunsa ya tafi wuyansa ya damƙe makullin ta cikin riga.

"Ba nawa ba ne," ya ce. "Ba nata ba ne. Na mai rasit ne."

"Mai rasit ya mutu, Baba!"

"Kin ga gawarsa?"

Haushi ya turnuƙe ni, na fita na bugo ƙofar. Na ce bari in ba shi zuwa la'asar. Da la'asar ɗin na koma da kofin ruwan sanyi a hannuna, Allah shaida ne da ruwa na koma. Na same shi yadda na bar shi, sai dai tabarau ya zamo ya tsaya a kan hanci, hannun na nan a ƙirji. Ƙudaje ba sa tashi in sun sauka.

Ni na shanye ruwan a tsaye, sannan na fita na kira mutane.

Kafin 'yan cocinsu su iso Hashim har ya kai hannu wuyan gawar. Bulama ya buge hannun, ya ce dukiyar mamaci ce, sai magajiya ta zo. Ya cire makullin da kansa ya sa a aljihu, ya rufe shagon.

Ketura ta iso ran Alhamis, aka binne shi ran Juma'a. Ran Asabar da safe ta buɗe shago tana haɗa kaya, muka tafi mu yi gaisuwa, mu kuma karɓi abin da ya kai mu. Mun kai mu ashirin, Bulama a gaba, Yagana a gefena, Hashim da gorarsa a bakin ƙofa. Doguwar mace ce Ketura, baƙa, mai idon ubanta. Ba kuka take yi ba. Ta tono kwalaben daga randa ta jera su a tebur, ta ɗaga ɗaya a haske. Ruwan ciki ya yi gudaji kamar tsinkakken nono.

"Wace ce Aisa mai ƙanƙara?"

Aka dube ni.

"Ni ce. Allah ya ba ku haƙuri."

"Na ga takardunki. Ɗari biyu duk wata, shekara shida, ba fashi. Na Maris ne na ƙarshe. A bayansa ya rubuta, 'Ta dawo da allura ran sha tara ga wata. Kwana goma sha biyu sun rage, na yafe.'" Ta ajiye kwalbar. "Me ya yi miki?"

Hashim ne ya cece ni daga ƙofa.

"Ubanki ya danne hoton ɗan baiwar Allahn nan. Mu ba dogon surutu ya kawo mu ba. Lamba ɗari huɗu da sha bakwai, a buɗe akwati."

Bulama ya miƙa mata makulli. Ambulan ɗin na can ƙasa, an ɗaure shi da roba tare da wani tsohon littafin rasit, shi kaɗai ba a ajiye cikin 'yan'uwansa ba. Ta buɗe shafin, ta juya bayansa. Na ga idonta na bin layin har ƙasa, ya koma sama. Sai ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan Hashim da wayoyinsa. A Maiduguri aka haife ta. Ta san sarai abin da karanta shi a gabanmu zai jawo.

"Kuna so ku ji dalilinsa? To ku saurara." Ta ɗaga murya har na waje su ji. "'Ba'ana ya dawo bayan kwana uku. Ya ce yaran daji suna kawo masa wayoyi gyara, ba shi da halin ƙi. Yanzu an kama ɗaya, an ga lambarsa.'"

"Ya isa," in ji Yagana.

"'Na daji suna nemansa don kada ya yi magana, na gari suna nemansa don ya yi. Zai bar gari ya sauya suna.'"

"Don Allah, 'yata, ya isa haka."

"Ban gama ba, Mama. Wata biyu kuna tambaya. 'Ya ce kada a ba kowa hoton, ko mahaifiyarsa, domin za ta nuna wa mutane. Sai wanda ya zo da rasit, shi ne daga wurinsa.' Ga sa hannun ɗanki nan a ƙasa."

Ƙarar janaretana na shigowa ta bango. Mutumin da ya yarda ya mutu da magana a cikinsa, ashe ya kasa hana hannunsa rubuta ta.

Ketura ta zare robar, ta miƙo ambulan.

"Ga shi nan. Saura ɗari bakwai. Ku riƙe, ku sayi ƙanƙara."

Yagana ta miƙa hannu biyu, amma hannun Hashim ya riga nata.

"Bari mu ga ɗan albarkan."

Ya zaro shi. Ba'ana ne tsaye, kaftani ruwan sama, hula ta ɗan karkace, yana murmushin da bai gama yanke shawarar yi ba, teku a bayansa. Hashim ya kara wayarsa a kan hoton. Duk muka ji ƙas. Ya sake, ƙas. Sannan ya miƙa wa uwar.

Ba wanda ya ce masa kanzil, har Bulama. Wa zai buɗe baki ya kare yaron da aka karanta yana gyara wa na daji waya?

Ketura ta kwashe kyamara da littattafan ta koma Jos, ba ta yi wa kowa sallama ba. Zanen tekun ta bar shi a bango. Yagana ba ta kai hoton wurin 'yan ƙungiya ba. Ta naɗe shi a zani ta sa ƙarƙashin katifa, ta daina fitowa. Gyaɗarta ta yi kwantai, don matan da suka tafa a bencina su ne suka hana 'ya'yansu zuwa ƙofarta. Ni ma ban je ba. Na ce sai ƙura ta lafa, ina da yara, ina da janareta, kuma Hashim ya fara tsayawa a tagata yana shan zoɓo ba ya biya. Tsoro ne, ba wani abu ba. Wanda na yi wa rashin imani ya mutu, wadda na yi dominta na guje ta.

Ruwan farko ya sauka a tsakiyar Yuni. Washegari da hantsi ina goge firiza sai na ga wata yarinya tsaye a ƙofar gidan hoton, tana duban kwaɗon. Ba za ta wuce shekara ashirin ba, goyo a bayanta, leda a hannu, silifas ɗinta duk caɓi. Ta ƙwanƙwasa, ta jira, ta sake. Sannan ta zo tagata.

"Sannu, Mama. Don Allah nan ne wurin Baba Pindar mai hoto?"

"Nan ne. Daga ina?"

"Daga Gombe. Sunana Mu'mina." Ta waiga hagu da dama, ta rage murya. "Mijina ne ya ce in wani abu ya same shi in zo nan. Mu a can Sa'id muke ce masa, amma ya ce a nan Ba'ana ne."

Na dafa firizar.

"Me ya same shi?"

"Yau kwana tara. Yana rumfarsa a tasha yana aiki, wasu mutum uku suka zo a mota marar lamba. Maƙwabcinsa ya ce hoto suka nuna masa a waya, suka ce ya san wannan? Wai yana sanye da kaftani ruwan sama, da ruwa mai yawa a bayansa." Ta gyara goyon. "Na ce ƙila ba shi ba ne, shi bai taɓa zuwa inda teku yake ba. Amma sun tafi da shi."

Ta zura hannu a rigarta ta ciro wata ƙaramar leda, ta warware. Farar takarda ce an ninke ta huɗu, ta yi laushi don ajiya, hatimin ya koɗe. Lambar dai na nan raɗau a sama. A cikin ninkin akwai ɗari biyar ɗaya da ɗari biyu ɗaya, an goge su sun miƙe.

"Ya ce in ba Baba wannan da cikon kuɗinsa, zai ba ni hoto. In kai wa mahaifiyarsa, ta nan za ta gane ni matarsa ce, wannan kuma jikanta. Ya ce kada in damu, Baba ba zai ba kowa ba sai ni." Ta dubi kwaɗon. "Yaushe yake buɗewa?"

Yaron ya motsa a bayanta, ya leƙo. Goshin Yagana ne sak.

"Zauna tukuna," na ce. "Bari in kawo miki ruwa."

Na shiga ciki na buɗe firij. A ƙofarsa, a 'yar kantar ƙasa, da'irar tsatsar da gwangwanin ya bari tana nan, na sha gogewa ta ƙi fita. Na tsaya riƙe da ƙofar, sanyi na sauka a kan ƙafata. Ta taga ina hango ta, ta zauna a dakalin Baba Pindar ta kwanto yaron, ta shimfiɗa takardar a kan gwiwarta tana lallashe ninkin da tafin hannu.